DARASI NA 7: YADDA IYAYE ZA SU AUNA MAKARANTAR FIRAMAREN UNGUWARSU

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta kyan ginin makaranta da ingancin karatun da ake yi a cikinta;
2. gwada karatun yaro da lissafinsa a gida da takarda ɗaya;
3. lissafa yawan yaran da ke wuyan malami ɗaya, da yawan masu zuwa aji cikin waɗanda aka rubuta;
4. sanin inda ake kai kuka, tun daga malamin aji har hukumar jiha.

Shimfiɗa

Duk wanda ya tsaya bakin titin Sakkwato a Samaru da hantsi bai gama fitowa ba zai ga ayari biyu. Ayari na farko ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, suna tururuwa zuwa ƙofar makarantar da aka buɗe tun 1962. Na biyu kuwa yara ne ƙanana cikin yunifom, wasu da jaka, wasu da littafi ɗaya a leda, suna kutsawa cikin layuka zuwa firamaren gwamnati, wadda har gobe mutane suke kira makarantar LEA. Daga ajin waɗannan yara zuwa ƙofar jami'a tafiyar 'yan mintuna ce a ƙasa. Amma yaron da ya gama aji shida bai iya karanta takardar asibiti ba, wannan 'yar tafiya ta fi ƙarfinsa har abada, sai in an tare matsalar da wuri.

Mu tambayi kanmu: da me muke gane makaranta mai kyau? Yawancinmu abu uku muke kallo. An yi mata fenti? Yara suna gaishe mu da Turanci? Ɗana ya zo na nawa a aji? Waɗannan duka suna da daɗin gani da ji, sai dai Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan darasi zai nuna muku yadda za ku duba man da kanku, ko da kuwa bana kuka fara haɗa baƙi.

1. Mene ne ingancin makaranta?

Mutumin Zazzau, ko bai taɓa riƙe allo ba, ya san tsarin makarantar allo. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga haɗa karatu. Malam ba ya barin a wanke allo sai almajiri ya zo gabansa ya biya. In ya yi tuntuɓe, a ce ya koma ya ƙara maimaitawa. Babu wanda ake ɗora wa sabon karatu don kawai ya shekara a zaure.

A makarantar boko abin ya sha bamban. Shekara na zagayowa, ajin gaba ɗaya yakan ci gaba, wanda ya gane da wanda bai gane ba. Saboda haka idan aka ce yaro yana aji biyar, abin da aka gaya muku shi ne ya yi shekara biyar yana zuwa. Ba a gaya muku abin da ya iya ba. Aikin biyar da karatu, wanda malamin allo yake yi kullum, a nan ya zama dole iyaye su sa ido a kansa.

> AKWATIN MA'ANA
> Ingancin makaranta: gwargwadon abin da yaro ya iya yi da kansa, na karatu da rubutu da lissafi, saboda zamansa a makarantar.
> Hadda: riƙe magana da ka, a maimaita ta yadda aka ji.
> Fahimta: yaro ya karanta abin da bai taɓa gani ba, ya kuma faɗi abin da ake nufi da bakinsa.

Matsalar ba ta Zariya kaɗai ba ce. A 2019 Bankin Duniya da hukumar UNESCO suka fito da wani ma'auni mai sauƙi: shin yaro ɗan shekara 10 zai iya karanta ɗan gajeren labari ya gane? A rahoton 2022 an ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yara 70 cikin 100 ba za su iya ba. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa, kusan tara ne cikin goma. Da yawa daga cikin yaran nan suna makaranta, suna da yunifom, ana kiran sunansu a rajista.

2. Ma'auni na farko: ku sa yaro ya biya karatu a gida

Wannan shi ne kan gaba a duk ma'aunan da za mu kawo. In da za ku manta sauran ku riƙe wannan, darasin bai tafi a banza ba.

A ƙasar Indiya akwai wata ƙungiya mai suna Pratham. Tun 2005 take tura mutane gida-gida a ƙauyuka da takarda ɗaya tak. A jikin takardar akwai matakai huɗu: baƙaƙe, kalmomi, 'yan jimloli, da gajeren labari. Shekara da shekaru suna gano cewa kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta labarin da aka rubuta don 'yan aji biyu. Ba na'ura suka yi amfani da ita ba, ba kuma sai mai digiri ke yin gwajin ba. Ku ma za ku iya haɗa irin wannan takarda da biro ɗaya.

*Mataki na 1, baƙaƙe:* m, k, d, s, b, ƙ, r, t, ɗ, f

*Mataki na 2, kalmomi:* gida, ruwa, keke, masara, tukunya, ƙofa, takalmi, makaranta

*Mataki na 3, jimloli:* Inna ta aiki Yaya kasuwa. Ya sayo tumatir da albasa. Ruwa ya tare shi a hanya. Ya fake a rumfar mai shayi.

*Mataki na 4, labari:* ku sa malamin ajinku na manya ya taya ku rubuta labari mai layi takwas ko goma, a kan abin da yaro ya sani, kamar ranar da akuya ta shiga shagon mai gero.

Ga yadda ake yi. A zaunar da yaro lokacin da ba ya jin yunwa, babu bulala a kusa, babu 'yan'uwa masu yi masa dariya. A fara da mataki na 3. In ya karanta ba tare da ya yi ta tsinkewa ba, a hau da shi mataki na 4. In ya kasa, a sauko mataki na 2, in ya sake kasawa a sauko na 1. Inda ya tsaya da ƙafarsa, nan ne matsayinsa na gaskiya. Bayan ya karanta, a rufe takardar a tambaye shi: "Wa aka aika kasuwa? Me ya sa ya tsaya a rumfar mai shayi?" Amsar ita za ta raba hadda da fahimta.

Kada ku yi gwajin da littafin ajinsu. Na taɓa shiga wani aji uku inda wata yarinya ta miƙe ta karanta jimla biyar da ke kan allo da Turanci, murya tar, babu gargada, ajin ya tafa mata. Da na ɗauki sanda na nuna kalma ta uku a layi na ƙarshe na ce ta karanta wannan kaɗai, sai ta dubi sandar, ta dubi malamarta, ta ɗauko daga farkon layi na ɗaya cikin waƙa. Yarinyar tana da kaifin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ta haddace. Abin da ba a koya mata ba shi ne yadda baƙi yake haɗuwa da wasali ya ba da sauti. Da za ku ga katin sakamakonta, watakila ita ce ta ɗaya.

Don haka ne ma "ya zo na ɗaya" ba ya isa hujja. Na ɗaya a cikin su wa? In duk ajin ba mai iya karatu, dole dai wani ya zo na ɗaya.

Me ya sa aka fara gwajin da Hausa? Domin yaro ya fi saurin gane sirrin karatu a harshen da yake mafarki da shi, daga nan sai ya ɗauki dabarar ya kai ta Turanci. A Sabon Gari, inda zuwan jirgin ƙasa ya tara ƙabilu tun fiye da shekara ɗari, aji ɗaya yakan haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da 'ya'yan mutanen kudancin Kaduna. Yawancinsu da Hausa suke wasa a layi. Wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, a rubuta masa matakan nan da harshen gidansu ko da Turanci mai sauƙi. Daga aji huɗu zuwa sama, a gwada kowane yaro da Turanci ma, tunda da shi zai rubuta jarrabawar shiga ƙaramar sakandare.

Misali na 1. Haka ma ake gwada lissafi. Mu ɗauka wata uwa mai tuyar ƙosai a Hayin Dogo tana da ɗa a aji huɗu. Shi ke karɓar kuɗi da yamma. In aka sayi ƙosan naira 350 aka miƙo 500, kafin ta ɗago kai ya ba da canjin 150. Sai ta rubuta masa a takarda: 52 − 27. Ya rubuta 35. Me ya faru? Ya ga 2 ba za ta ba da 7 ba, sai ya juya, ya cire 2 daga 7 ya sami 5, ya cire 2 daga 5 ya sami 3. Amsar daidai 25 ce. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, kasuwa ta shaida. Abin da ya rasa shi ne dabarar aro a rubuce, wadda ya kamata ya ƙware a kanta kafin ya kai wannan aji. Yanzu uwar tana da takamaiman abin da za ta kai wa malami, maimakon ta ce kawai "yaron nan ba ya gane komai".

A taƙaice, ɗan aji biyu ya kamata ya wuce baƙaƙe ya kama kalmomi. Ɗan aji uku ya karanta jimloli. Ɗan aji huɗu ya karanta labari ya ba da shi da bakinsa. In yaronku kaɗai ne a baya, a duba lafiyar idonsa da kunnensa da yawan fashinsa. In kuwa kun gwada yara biyar ko shida na maƙwabta 'yan aji ɗaya kuka tarar duk haka suke, to ruwa ba ya tsami banza, sai a leƙa makarantar.

3. Ma'auni na biyu: malami

Abu uku ake tambaya game da malami: ya cancanta, yana zuwa, kuma yara nawa aka ɗora masa?

> AKWATIN MA'ANA
> NCE: takardar shaidar malanta ta ƙasa, wadda ake samu a kwalejojin horar da malamai. Ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda mutum ya koyar da ita a firamare.
> Rabon malami da ɗalibai: yawan yaran makaranta idan aka raba su da yawan malaman da suke shiga aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a firamare malami ɗaya ya riƙe yara 35.

Jihar Kaduna ta ga rikici a kan batun cancanta. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Gwamnati ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi. Ƙungiyar malamai ta NUT ba ta yarda da yadda aka yi gwajin ba, har ta shiga yajin aiki a watan Janairu 2018. A 2022 an sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar. Har yau in aka tayar da zancen a majalisa sai an rabu biyu, domin kusan kowace unguwa akwai gidan da abin ya shafa. Darasin da mu iyaye za mu ɗauka ɗaya ne: takarda a fayil ba ta koyar da yaro. Littafin rubutun ɗanku ya fi ta ba da labari.

Ku buɗe littafin nan duk mako. Ko ba ku iya karanta abin da ke ciki duka ba, za ku iya duba kwanan wata a saman shafi, ku ga ko akwai jan biro. In rubutu na ƙarshe ya yi mako uku, ko kuwa shafi goma sun wuce babu hannun malami, wannan magana ce. In kuma kun ga an yi wa amsar da ba daidai ba alamar daidai, wannan ta fi waccan muni.

Misali na 2. Mu ɗauka wata makaranta tana da yara 960, kuma a allon ofishin hedimasta an rubuta malamai 16.

960 ÷ 16 = 60. A takarda ke nan, kowane malami yana da yara 60.

Amma ranar da kuka je kun tarar hedimasta da mataimakinsa suna aikin ofis, malama ɗaya tana hutun haihuwa, ɗaya kuma ya tafi ƙaro karatu. Masu riƙe alli sun koma 12.

960 ÷ 12 = 80.

To malamai nawa ake bukata a cika ƙa'ida? 960 ÷ 35 ya ba da 27 da ɗoriya, wato 28. Makarantar tana neman ƙarin malamai 16 a kan 12 da ke aji.

A nan ya kamata mu yi adalci. Malamar da aka tara wa yara 80 a ɗaki ɗaya, in ta ba kowane littafi minti biyu kawai, sai ta yi minti 160, wato awa biyu da minti 40, a darasi ɗaya tak. Wanda ya je ya zazzage mata faɗa bai kai kukansa inda ya dace ba. Ba ita ke ɗaukar ma'aikata ba.

4. Ma'auni na uku: rajista da agogo

Yawan suna a rajista ba shi ne yawan yara a aji ba. Da gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairu 2016, makarantu sun cika maƙil, har da waɗanda shekarunsu ba su kai ba. Malamai da yawa sun ba da labarin yadda wasu yaran suke zuwa da kwano, su ci, su sulale. Ciyarwa abu ne mai kyau, yaro mai yunwa ba ya karatu. Amma ta nuna mana cewa ƙidaya ɗaya ba ta isa ba. A ƙirga da safe, a sake ƙirgawa bayan an dawo hutun tara.

Misali na 3. Aji yana da suna 80 a rajista. Da safe kun ƙirga 52. Bayan an dawo tara kun ƙirga 40.

Da safe: 52 ÷ 80 × 100 = 65 cikin 100.
Bayan tara: 40 ÷ 80 × 100 = 50 cikin 100.

Rabin ajin ne kawai suke jin darasin ƙarshe. Ina sauran? Wasu suna talla a kasuwar Samaru ko tashar Kwangila, wasu an tura su ɗebo ruwa, da damina kuma a wajen Bomo da Basawa wasu suna gona. Wannan ɓangaren laifin namu ne, ba na gwamnati ba, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Haka lokaci yake zubewa. A watan Janairu 2022 an mayar da makarantun gwamnatin jihar Kaduna karatun kwana huɗu a mako. Mu yi lissafi da haka. In kullum ana ɓata awa ɗaya wajen makara da shara da jiran malami, a mako an rasa awa 4. A zango mai mako 12 an rasa awa 48. A zango uku, awa 144. Ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarsu, domin kaɗan-kaɗan suke tafiya.

5. Gini, ruwa da makewayi

Ba a ce gini ba shi da amfani ba. Amma ku duba abin da ke taɓa karatu kai tsaye. Kwano yana yoyo har a tashi yara in hadari ya haɗu? Na bayan aji yana ganin rubutun allo? Yara suna da abin zama, ko a ƙasa suke rubutu bisa gwiwa? Akwai ruwan sha? Akwai katanga, ko masu babur ta tsakiyar fili suke ratsawa?

Sai makewayi, wanda ba a cika son zancensa ba. Ku nemi a nuna muku shi, ku ga ko na mata daban yake, ko yana da ƙofa, ko a buɗe yake ko an garƙame an bar wa malamai. 'Yan mata da suka fara girma a aji biyar da shida sukan ɗauke ƙafa saboda wannan kaɗai, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa wa uba dalili ba. Iyaye mata su ne za su yi wannan tambaya.

6. Abin da doka ta ce

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kafa dokarsa a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta saɓanin haka ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. Dokar ba ta bar iyaye ba: wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta, ana fara yi masa gargaɗi, in ya maimaita sai tara ko ɗauri.

Gudummawar da iyaye suka zauna suka amince da ita don gyaran famfo ko sayen alli daban take da kuɗin makaranta. Amma ku tambayi abu biyu: a wane zama aka yanke, kuma ina rasit? Ba a korar yaro daga aji saboda ita.

7. Ina ake kai kuka?

> AKWATIN MA'ANA
> SBMC: kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Yakan ƙunshi hedimasta, wakilin malamai, mai unguwa, malaman addini, wakilan mata da matasa, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, da wakilan yaran kansu.
> Sakataren Ilimi: shugaban hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Makarantun firamaren gwamnati na Samaru, Bomo, Basawa, Hanwa, Dogarawa, Muciya, Cikaji da Jushi duk suna ƙarƙashin na Sabon Gari.
> SUBEB: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, tana Kaduna. Ita ke kula da ɗaukar malaman firamare da manyan gine-gine.
> UBEC: hukumar tarayya da ke Abuja. Ana ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, tana tallafa wa jihar da ta ajiye nata kason.

Ana hawa matakalar nan ne daga ƙasa. Abin da ya shafi yaro ɗaya, malamin aji. Abin da ya shafi aji, hedimasta. Abin da ya shafi makaranta duka, kwamitin SBMC, shi kuma ya rubuta wa Sakataren Ilimi. Ƙarancin malamai da rushewar aji sai an dangana da SUBEB. Yadda aka shiga da maganar kuma yana da tasiri ƙwarai.

Misali na 4. Wani mai tuƙa Keke Napep daga Muciya ya gwada 'yarsa 'yar aji huɗu, ya tarar ta tsaya a mataki na 2. Bai tari malama a gaban yara ba. Ya bari aka fita tara, ya yi sallama a ofis.

"Ranka ya daɗe, Hedimasta, an wuni lafiya? Ya ƙoƙari da yaran namu?"

"Lafiya lau, Malam. Bismillah, zauna. Allah ya sa lafiya."

"Lafiya ƙalau. Ni ma ɗalibi ne yanzu, ina ajin manya da yamma. Na rubuta wa 'yar wajena waɗannan layuka huɗu, ga takardar. Kalmomi ɗaiɗai tana kamawa, amma jimla ta gagara. Na gwada 'ya'yan maƙwabta huɗu 'yan ajinsu, ɗaya ce kawai ta wuce. Shi ne na ce bari in zo in ji ta inda za mu taimaka."

Hedimasta ya karɓi takardar ya duba. "Wallahi Malam, ka kyauta da ka zo da wannan. Ajin nan su tamanin da wani abu ne, malama ɗaya. Mun rubuta sama. Amma in kwamiti ya sa hannu, iyaye suka sa hannu, takardar za ta fi nauyi. Akwai zama ranar Asabar, ka zo da ita."

Ku lura da abin da mutumin nan ya yi. Ya zo da shaida a rubuce, ya zo da lissafi, bai zargi kowa ba, ya kuma fita da ranar zama. A irin wannan zama ana iya yanke abin da ba ya bukatar jiran Kaduna: a ware awa ɗaya kullum a raba yara bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu, a nemi ɗaliban jami'a da na kwalejin malamai da ke zaune a unguwa su taimaka da yamma, a sa dattawa biyu su riƙa leƙa makaranta da ƙarfe takwas. Samaru ba ta rasa masu ilimi ba, a kowane layi akwai su.

Wani zai ce, ai gara in cire ɗana in kai shi makarantar kuɗi. Mai hali ya yi, babu laifi. Sai dai ita ma a auna ta da takardar nan ɗaya, domin biyan kuɗi ba ya hana hadda.

Tambayoyin bita

1. Da bakinku, mene ne bambancin hadda da fahimta?
2. Wane abu ne malamin allo yake yi kafin a wanke allo, wanda iyayen 'yan boko ya kamata su kwaikwaya?
3. Ku jero matakai huɗu na gwajin karatu. Daga wane mataki ake farawa?
4. Me ya sa ba a gwada yaro da littafin ajinsu?
5. Yaro ya rubuta 61 − 38 = 37. Ina kuskurensa, kuma mece ce amsar daidai?
6. Makaranta tana da yara 700 da malamai 10 masu shiga aji. Yara nawa ke wuyan kowane malami? Malamai nawa ake bukata a cika ƙa'idar 35?
7. Rajista tana da suna 60, an ƙirga yara 45. Kashi nawa ne cikin 100 suka zo?
8. Karatun shekara nawa dokar 2004 ta ce kyauta ne kuma tilas?
9. Iska ta yaye kwanon aji biyu a makarantar unguwarku. Ku faɗi matakan da za ku bi, ɗaya bayan ɗaya.
10. Tattaunawa a aji: cikin matsalolin da aka ambata, waɗanne ne laifin hukuma, waɗanne ne namu na iyaye?

Aikin gida

Ku kwafi matakai huɗun nan da hannunku a takarda mai tsabta. Ku gwada yara uku, na gidanku ko na maƙwabta, bayan kun nemi izinin iyayensu. Kada ku rubuta sunan kowane yaro, ajinsa da matakin da ya tsaya kawai. Wanda ya kasa, kada a dake shi, kada a yi masa gori. Ku zo da takardar zama mai zuwa, za mu haɗa sakamakon ajinmu gaba ɗaya a kan allo, mu zaɓi mutum biyu, mace da namiji, da za su kai wa kwamitin makaranta.